Sista Maimaita da Marfin Birona

Ƙarfe bakwai da kwata take shigowa ta ƙaramar ƙofar asibitin, wadda ke kusa da rumfar babura, jaka a kafaɗa, kular abinci a hannu. Takan tsaya ta gaisa da masu shara, ta tambayi wannan jikin mahaifiyarta, ta tambayi waccan ko ƙafar ta sake ta, sannan ta miƙe doguwar barandar da ta bi ta gaban ɗakin kunne. Ɗakin nan mai koriyar ƙofa, shekara ashirin da shida ta yi a cikinsa. Yanzu wucewa take yi, ko kai ba ta juyawa. Can ƙarshen barandar akwai matakala uku da suka gangara zuwa wani ɗaki marar taga, inda ake wanke kayan aiki a tafasa su. Nan za ta sauya takalmi, ta ɗaura leda a gaba, ta kunna babbar tukunyar ƙarfen da ke wuni tana huci, ta jawo tire na farko. Sau da yawa tiren ɗakin kunne ne: sirinjin ƙarfe, 'yan siraran cokulan ƙwaƙulo dauɗa, da 'yar tasar da ake tarawa a ƙarƙashin kunne. Babu kayan da hannunta ya sani irin waɗannan, kuma shekara bakwai ke nan iyakarta da su wanki.

Sha biyu da rabi, lokacin da abokan aikinta ke neman inda za su miƙe ƙafa, sai ta hauro matakalar ta zauna a ƙarshen bencin da ke fuskantar koriyar ƙofar, kular a kan cinya, wani lokacin har a koma aiki ba ta buɗe ta ba. Jira take yi. Da wani ya fito dafe da kunne yana 'yan waige-waige, irin na wanda duniya ta cika wa kai da ƙara farat ɗaya, sai ta yafito shi.

"Zo nan, bawan Allah. Wanke maka aka yi?"

"E, Sista."

"Zauna tukuna, jirin bai gama sakinka ba. Me aka ce ka yi in ka je gida?"

"Takarda suka ba ni."

"Ka karanta?"

Sai ya yi 'yar dariyar kunya, ya nuna takardar da ya riga ya ninke gida huɗu zai cusa a aljihu. Ita kuwa ba ta taya shi dariyar.

"To saurara. Kwana bakwai kar ruwa ya shiga. In za ka yi wanka, ka shafa wa auduga basilin ka toshe bakin kunnen, kana gamawa ka cire. Zai yi ƙaiƙayi, don an raba shi da abin da ya saba da shi. Ka ƙyale shi ya yi. Kar ka sa tsinke, kar ka sa ashana, kar ka sa makulli, kar ka sa gashin kaza, kar ka sa yatsa, kar ka ɗiga man da maƙwabci ya ba ka. In ka ji zafi, ko ka ga ruwa ko jini, ko jin ya ragu, ka dawo a ranar, ba washegari ba. To, maimaita."

Daga nan sunan ya samo asali. Daga masu gadi har likitoci, Sista Maimaita kowa ke ce mata. Ba ta sakin mutum sai ya faɗi abin da ta faɗa da bakinsa, in ya tsallake guda a koma farko, ko da mai furfura ne, ko da direba na jiransa a waje.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Na san abin da za a yi mata, don na ga an yi wa wasu: a jera kujeru a baranda, a raba lemo, wani ya miƙe ya ce ta yi haƙuri da jama'a, a miƙa mata agogon bango a ɗauki hoto. Abin da ba za a yi ba shi ne a buɗe fayil ɗinta a zare wata takarda guda da ke ciki, wadda ta ce ta yi sakaci ta fasa wa wani mutum dodon kunne. Da takardar nan aka fitar da ita daga ɗakinta, da ita aka tsallake ta sau biyu a ƙarin girma, kuma da ita za ta tafi gida. Mutumin da aka ambata a takardar ni ne, kuma ba ita ta fasa mini kunne ba. Zan zo kan wannan. Amma bari in fara gaya muku wace ce aka yi wa haka, don ku ji haushina daidai yadda ya kamata.

Akwai mai injin niƙa a layinmu, mutum ne da ba a hira da shi sai da ɗaga murya. Shi ya ba ni wannan labarin da bakinsa. Ya ce ranar da ta wanke masa kunne, yana sauka daga kujera ya ce mata sai injin. Ta ce ba inda za shi, kunnen da aka buɗe yanzu ba ya son ƙara, ya huta kwana biyu, in ya koma kuma ya riƙa toshewa. Ya ce, "Sista, injin ba ya jira." Ba ta yi masa gardama ba, ta tambaye shi dai ina shagon yake. Ya maimaita abin da ta ce ya yi gaba, yana fita ya yi kunnen uwar shegu da zancen. Da yamma yana tsaye a kan injin, gari ya yi masa fari fat, sai ya ga mace da farin takalmi a bakin ƙofa. Ba ta shigo ba, ba ta kuma tafi ba, har sai da ya kashe injin ya fito. Ta ciro 'yan robobin toshe kunne guda biyu daga jaka ta danƙa masa. "Wallahi, Malam," in ji shi, "a gaban masu kawo niƙa ta sa na maimaita. Mata sun fi goma suna ƙyalƙyala mini dariya." Robobin farko sun daɗe da lalacewa, amma har yau da zare a wuyansa da wasu a rataye.

Sai tela, wanda ke ɗinka wa yarana kayan makaranta. Mahaifiyarsa ta yi shekara biyu ana mata kallon wadda ta kurumce, har gida ya fara cewa tsufa ya taɓa mata kai, don a tambaye ta wannan ta amsa wancan. Aka daina sa ta a hira. Da ya kai ta, Sista ta haska fitila ta leƙa, ta ce dauɗa ce ta daskare, amma ba za ta wanke a ranar ba. Tela ya ce sun sha wahalar zuwa, a taimaka a yi ta ta ƙare. Ta ce abin da ya yi shekara biyu yana taruwa ba da ƙarfi ake fitar da shi ba. Ta sa aka rubuta musu maganin ɗigawa na kwana biyar don ya yi laushi, suka koma, ta wanke a hankali da ruwa mai ɗumin jiki. Tsohuwa ta zabura ta ce wa ya bar famfo a buɗe yana wannan ƙara. Da aka zo wurin maimaitawa, Sista ta juya ga tela ta ce, "Ba Inna ce za ta maimaita ba, kai ne. Kuma ka ƙara da wannan: ku daina yi mata ihu, kunnen sabo ne, ku yi mata magana kamar mutane." Tsohuwar ta dubi ɗan nata ta ce, "To, ka gaya wa mutanen gida, gulmar da ake yi a gabana ta ƙare."

Ba ta taɓa sa ruwa a kunnen da ba ta leƙa ba. Sai ta tambaye ka ko ya taɓa zubar da ruwa, ko an taɓa yi masa aiki, ko ka taɓa jin ya fashe. In ba ta gamsu ba, ko za ka kwanta a ƙasa kana roƙo, wurin likita za ta tura ka. In ta gama kuma sai ta sake leƙawa, ta rubuta a kati abin da ta gani da hannunta. Ke ce mai hannun da ba ya rawa, Sista. Ke ce kika ɗauki ɗan ramin da kowa ke cusa wa tarkace kika ba shi darajarsa. Ke ce kika gane cewa wankin minti goma ne, ɓarnar kuwa a gida ake yin ta, shi ya sa kika ƙi sakin mutane da takarda kawai.

To, ga nawa labarin.

Ni malamin makaranta ne, kuma ina da wata mummunar ɗabi'a tun ina saurayi: in ina duba takardun ɗalibai, marfin jan birona a kunne yake wuni. Da shi nake tunani. Shekara bakwai da suka wuce kunnena na dama ya toshe, har 'yan bayan aji su yi tambaya in ga baki na motsi kawai. Maiɗakina ta gaji da maimaita mini magana ta ja ni asibiti. Sista ta yi tambayoyinta, ta leƙa, ta sa na riƙe 'yar tasar a ƙarƙashin kunne. Abin da ya faɗo cikin tasar nan ba zan kwatanta shi ba, don ina da sauran mutunci. Maiɗakina ta leƙa ta ce, "Lallai Malam, wannan ka daɗe kana renonsa." Nan take na ji ƙarar fanka, na ji takun mutane a baranda, na ji har shasshekar numfashina. Sista ta sake haskawa ta ce, "Dodon lafiya lau, har sheƙi yake yi." Ta rubuta a kati.

Sannan idonta ya sauka a aljihun rigata. Ta zaro biron, ta dubi marfin, ta dube ni.

"Wannan ne mai aikin, ko?"

Maiɗakina ta ce, "Shi ne, Sista. Ki yi masa faɗa, ni na gaji."

Ta jero mini ƙa'idojinta, ta ƙara mini guda da ba ta cikin na kowa: kar ka sa marfin biro. Ta ce in maimaita.

Na ce, "Haba Sista, ni fa nake sa yara maimaitawa."

Ta ce, "Yau kai ne ɗalibin."

Na maƙale murya irin ta 'yan aji ɗaya na rera mata su tsaf, har da marfin biron, muka yi dariya ni da maiɗakina. Ita murmushi kawai ta yi ta miƙo mini birona.

Kwana biyu na daure. Rana ta uku da la'asar ina zaune a teburina, wanda ke bayan ƙofar ɗaki, takardun jarrabawa jibge a gabana, kunnen nan yana yi kamar tururuwa na yawo a ciki. Na ce bakin kawai zan ɗan sosa. Kowa haka yake cewa. Na sa marfin, na ji daɗi, na ƙara turawa kaɗan, gwiwar hannuna a buɗe ta wajen ƙofa. Maiɗakina ta taho da tiren shayi, hannayenta biyu a cike, ta tura ƙofar da ƙafa. Ƙofar ta doki gwiwar hannuna. Na ji wani ɗas a tsakiyar kai, ɗakin ya juya, na dafe tebur. Da na buɗe ido jini na ɗiga a kan takardar wata ɗaliba.

Muna fitowa za mu asibiti muka yi kiciɓis da yayana a ƙofar gida. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni a makaranta, kuma mutum ne mai zafi, mai jama'a, wanda in ya ɗaga murya a ofis sai an kawo masa kujera. Ya ga jini a wuyan rigata.

"Ba kunnen da aka wanke shekaranjiya ba ne?"

Na ce, "Shi ne, Yaya."

"Sun fasa maka! Na rantse sun fasa maka!"

Kalma biyu ta isa ta kashe maganar a nan: ni ne. Ina da shekara hamsin, ina koyar da 'ya'yan mutane, yaya zan dubi wanda ya rene ni in ce na cusa marfin biro a kunne kamar ɗan yaye? Na kuma raya wa kaina cewa in na faɗa, zancen ƙofa zai fito, Yaya kuwa da ma jininsu bai haɗu da maiɗakina ba, sai ya ce ita ta kurmantar masa da ƙane. Da wannan na lallaɓa zuciyata, wai matata nake karewa. Da na faɗa mata haka daga baya, sai ta ce, "Kar ka laɓe a bayana, Malam. Ni ban roƙe ka ba."

Yaya ya tayar da asibitin nan tsaye. Ya yi kumfar baki a baranda, ya rubuta ƙorafi shafi uku, ya kira wanda zai kira. Bayan mako biyu aka zaunar da mu a wani ɗaki mai dogon tebur: shugaban sashe, likitoci biyu, babbar jami'ar jinya, da mai rubuta abin da aka faɗa. Yaya ya ce wa maiɗakina ta jira a benci, maganar ba tata ba ce. Sista ta shigo ita kaɗai, katina a hannunta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na duba kafin in wanke, na duba bayan na wanke, ga abin da na rubuta. Likitan da ya duba shi ranar da ya dawo da jini ya ga ƙujewa a bangon kunnen har zuwa inda ya fashe. Ruwa ba ya ƙuje bango. Wani abu aka cusa. Ku tambaye shi."

Ƙaramin likitan ya gyaɗa kai, ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi shugaban sashe, ya mayar da bakinsa ya rufe. Shugaban ya ce abin da ta rubuta a kati ai ita ta rubuta, ba zai zama shaida ba. Sannan ya juyo gare ni.

"Malam, ka sa wani abu a kunnen bayan ka koma gida?"

Hannun Yaya na kan gwiwata. Na ce, "Ban sa komai ba."

Sista ta dubi aljihun rigata. Biron na nan, babu marfi. Ta ɗago ta dube ni, da muryar nan tata ta kullum, babu fushi a ciki, ta ce, "Malam, maimaita."

Ƙofa ta buɗe mini, na sani, tun a lokacin na sani. Da na ce a dakata, na tuna, da an wuce wurin da 'yar kunya kawai. Sai na shafa wa idona toka na ce, "Ban sa komai ba."

Na ga shugaban ya sauke ajiyar zuciya. Shi ba gaskiya yake nema ba, hanyar da Yaya zai bar masa ofis yake nema, kuma ya fi masa sauƙi ya danne ma'aikaciyar da ba ta da kowa a sama. Cikin minti goma aka gama. Ina jin haushinsa har yau, ina jin haushin likitan da ya haɗiye maganarsa, amma dukansu a kan maganata suka tsaya.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. Da aka tashi, ni da Yaya muka yi gaba, yana ta buga mini kafaɗa wai mun ƙwato haƙƙi. Sista ta fito ta tarar da maiɗakina a benci. Matar da aka gama shafa wa kashin kaji yanzun nan ta tsaya a kanta ta ce, "'Yar'uwa, kunnen mijinki a fashe yake. Kar ruwa ya shiga har sai likita ya ce ya haɗe. Kar ya fyace hanci da ƙarfi. Kar a ɗiga komai in ba likita ya rubuta ba. Maimaita." Maiɗakina ta maimaita tana kuka. Ta dawo gida ta faɗa mini, ta kwana biyu abinci bai wuce mata ba. Ta ce da sun kira ta da ta faɗi gaskiya, sannan ta ce, "Amma ni ma ai ƙafata ƙalau take, ban tashi na shiga ba." Da ƙa'idojin nan aka yi jinyata, cikin wata biyu kunnen ya haɗe, sai 'yar ƙara da ta rage mini a ciki.

Shekara bakwai ban sake bin titin asibitin nan ba. In ciwo ya kama ni, wani wuri nake zuwa, ko ya fi nisa. Na riƙa ce wa kaina ina jin nauyin Yaya ne. Bara Yaya ya rasu, Allah ya ji ƙansa, shi kam a kan abin da na bari ya yarda da shi ya yi faɗa. Bayan rasuwarsa ma ban je ba, sai na gane ba nauyin kowa nake ji ba, tsoro ne kawai irin na marar gaskiya.

Makon jiya mai injin niƙa ya tare ni a layi yana cewa, "Malam, ka ji Sistarmu za ta ajiye aiki? Matar kirki, wani azzalumi ya ja mata aka jefa ta ƙasan matakala." Bai san da azzalumin yake magana ba. Na isa gida na kwashe labarin na faɗa wa maiɗakina. Tana gama ji ta kawo farar takarda da biro ta ajiye a gabana. Ta ce, "Ga shi. Wannan karon ka riƙe shi ta inda ake rubutu."

Na rubuta, na sa hannu, washegari na gangara matakalar nan uku. Zafi ya buge ni tun daga ƙofa, tururi ya rufe mini tabarau. Tana tsaye a bakin tukunyar, ta rame, furfura ta leƙo ta gefen hularta. Da ta zare safar hannu na ga tabon ƙuna a bayan hannayen nan da aka san su da rashin rawa.

Na ce, "Sista, ban sani ba ko kin gane ni."

"Na gane ka, Malam. Kunnen dama."

Na faɗa mata komai, da ƙaiƙayin, da marfin, da ƙofar, da Yaya. Ta saurara har na kai aya, tana goge wani ɗan cokali da ƙyalle.

"Na sani tun ranar," in ji ta. "Ni ka zo faɗa wa?"

"Na zo ki yafe mini ne."

"A nan? Ɗakin da ba kowa sai ni da tukunya? Waccan maganar a gaban mutum biyar ka faɗe ta, aka rubuta, aka buga hatimi." Ta ajiye cokalin a tire. "Ka san abin da ya fi ci mini rai? Ba girman da aka hana ni ba ne. Duk shekara in an kawo sababbin ma'aikata, sai a zagaya da su, a tsaya a saman matakalar can a ce, ku kula da aikinku, kar ku zama irin ta ƙasan nan. Ina ji. Kunnena ƙalau yake. Inda ka faɗi waccan, Malam, can za ka je ka faɗi wannan."

Na hau sama da takardata. Shugaban sashe na yanzu sabo ne, mai fara'a, bai ma san zancen ba. Ya karanta har ƙarshe, ya girgiza kai, ya ce abin ba daɗi. Sannan ya ce fayil ɗin masu ritaya an rufe su an tura sama tun wata uku da suka wuce, waɗanda suka yi zaman kuma duk sun watse, wani ya koma wani wuri, wani ya bar aikin. Ya ce za su ajiye takardar. Ya sa ta a wani tire a ƙarƙashin wasu takardun, ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam. Ba kowa ke da irin wannan zuciyar ba." Ku ji fa. Ni na yi ƙaryar, ni na zo bayan shekara bakwai, kuma ni aka yaba wa. Sunanta ko sau ɗaya bai ambata ba.

Da na sauko sha biyu da rabi ta yi, tana kan benci da kularta. Na gaya mata yadda muka yi. Ko gezau ba ta yi ba, ta ce, "To."

Na ce, "Maganar yafiyar fa, Sista?"

"Ban ce na yafe ba, ban ce ba zan yafe ba. Shekara bakwai ka ɗauka kafin ka zo. Ni ma ka ba ni lokaci." Ta lura da yadda nake karkato da kai ta hagu. "Har yanzu yana ƙara?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Ka yanki kati likita ya duba. Da na leƙa maka, amma an hana ni leƙa kunnen mutum."

Sai koriyar ƙofar ta buɗe, wata mata ta fito dafe da kunne da takarda a hannu. Sista ta ɗaga hannu ta yafito ta, ta matsa mata wuri a bencin. Na gane an sallame ni.

Na gode, Sista, ko da godiyata ba ta da nauyin da za ta ɗaga takarda guda daga fayil. Na gode da kunnen mai niƙa, da na mahaifiyar tela, da na ɗaruruwan da kika tare a bencin nan da lokacin cin abincinki, ba wanda ya sa ki, ba wanda ya gani ya rubuta. Na gode da nawa, wanda kika yi jinyarsa ta bakin matata a ranar da na ci amanarki.

Ku da ke cikin ɗakin kunne yanzu, in ta tafi bencin nan zai zama benci kawai. Kar ku miƙa wa mutum takarda ku ce na gaba ya shigo. Ku zaunar da shi jirin ya sake shi, ku gaya masa da baki, ku sa ya faɗa da nasa. Mu kuma da ake wanke wa, mu riƙe hannunmu kwana bakwai ɗin nan, ƙaiƙayi bai taɓa kashe kowa ba. In kuwa mun kasa mun yi ɓarna, mu ce mu ne. Duk wanda ta taɓa sa shi maimaitawa, kwanaki kaɗan suka rage, sha biyu da rabi tana ƙarshen benci. Ku je ku gaishe ta da ƙarfi, yadda na saman matakala za su ji.

Kin ce inda na faɗi waccan, can zan faɗi wannan. Ofishin shugaban ya karɓa ya danne a tire, to ga shi a gaban duk mai karatu. Sista ta duba kunnena, ta wanke shi lafiya, ta gargaɗe ni har da sunan abin da zan guje wa. Ni na cusa marfin biro a kunnena da hannuna. Na yi mata ƙarya a gaban mutum biyar, sau biyu. Ranar da za a jera kujeru a baranda zan zo, ko ba a gayyace ni ba, in miƙe kafin a miƙa agogon in faɗe ta da bakina. In kin ce in maimaita, Sista, zan maimaita.